Rijiyar da Yaran Madam Lauratu Suka Zana

Lauratu 'yar unguwar Sabangali ce a Injamena, a can aka yanke mata cibiya, a wani gidan ƙasa da ba shi da nisa da bakin kogin Shari. Kakanta ya taso daga ƙasar Gobir da niyyar zuwa hajji a ƙafa, ya tsaya a Injamena don ya yi damina ɗaya ya huta, sai damina ɗaya ta zama arba'in. Har ta girma, in an tambayi tsofaffin gidansu su mutanen ina ne, sai su ce su matafiya ne, alhali ga jikoki sun cika tsakar gida, Larabcin gari ya fi Hausa zama a bakinsu.

A duk 'yan matan gidan ita kaɗai ta yi nisa a lekol, wato makarantar boko. Yaƙi ya ci mata shekara biyu, lokacin da suka tsallaka ruwa suka zauna a Kusiri, amma da suka dawo ta ɗora daga inda ta tsaya, har ta fito malamar firamare a 1991. Aka ba ta aji a unguwar Digel. A nan ta auri Harun, mahauci, mutum mai yawan dariya da ƙarancin magana, suka kama gida kusa da kasuwa, suka haifi 'yarsu Habiba.

Malamin firamare komai yake koyarwa, lissafi da Faransanci da waƙa, amma ita ranta yana ga labarin ƙasa. Tana da wata tsohuwar taswira mai bayan ƙyalle da wani malaminta ya bar mata, gefenta duk ya zaizaye, kuma ba ta yarda ta kwana a makaranta. Kullum naɗe take a hammatarta. Ba ta da wasa a aji. Abin da ta fi nanata wa yara shi ne, taswira ba tatsuniya ba ce, abin da yake nan shi ake sawa, abin da babu ba a ƙirƙira shi.

A 1999 aka mayar da ita wata sabuwar makaranta a Gassi, can gefen gari. Lokacin Gassi rabi gari ce rabi daji. Sai ka ga gida ɗaya an gama, na kusa da shi katanga ce kawai, sa'an nan fili fetal har inda ido ya tsaya. Daga Digel mota biyu take shiga kafin ta isa, a matse kamar an ɗaure kara, taswirarta tsaye tsakanin gwiwoyinta. Ajinta rumfa ce ta kara, yara tamanin da bakwai a zaune kan bulo. Akwai 'ya'yan Larabawa, da na Sara, da na Fulani, da 'yan Hausawa ƙalilan, kusan dukansu iyayensu ba su fi shekara biyu da tarewa a unguwar ba.

Da zafi ya shigo, a watan Maris, ta kawo su darasin da take yi wa kowane aji huɗu. Ta raba musu takarda, ta ce kowa ya zana hanyarsa daga gida zuwa makaranta, ya sa gabas a hannun dama, ya sa duk abin da yake wucewa. Ta tattara ta tafi da su gida. Da la'asar ta shimfiɗa tabarma a inuwar katanga ta fara dubawa da jan biro.

Ta farko tana da rijiya a gaban makaranta, da itace babba a kanta. Lauratu ta ja mata layi, don ta san wurin kamar tafin hannunta: fili ne tsakanin makaranta da hanyar mota, ko ciyawa babu, balle itace. Ta biyu ma haka. Ta uku haka. Ta ajiye biron ta fara warewa. Takarda sittin da ɗaya ne ke da rijiyar, duk a wuri ɗaya, kuma waɗanda ba su sa ta ba su ne masu zuwa ta bayan makaranta. A ƙarƙashin itacen yaran sun zana mutane a zaune, wani ya sa biyar, wani goma sha, kowane da ƙunshi a gefensa.

Ranta ya ɓaci, don ta ɗauka kwafa suka yi. Kashegari ta tsayar da su a rana, ta ce sai wanda ya fara ƙirƙirar rijiyar ya fito. Ba wanda ya motsa. Suka yi ta kallon juna, ba irin kallon marasa gaskiya ba, irin kallon waɗanda ba su gane laifinsu ba. Ta nuna filin da rula ta ce da Larabci, "Bir mafi. Babu rijiya a can. Ku duba da idonku." Suka juya suka duba. Wata ƙaramar murya daga baya ta ce, "Bir fi, Madam," wato akwai. Ba ta gano mai muryar ba. Ta ba kowa sifiri, aka wuce wurin.

Da a ce nan abin ya tsaya, da ta manta. Amma shekara ta zagayo, aka kawo mata sabon aji, yaran da ba su taɓa ganin takardun bara ba, don a akwatinta suke a Digel. Ta ba su aikin nan a kan idonta, ta raba su nesa da juna, tana zagayawa. Tana kallo hannaye suka yi ta zana rijiyar, da itacen, da mutanen. Sai a ranar ta lura da abin da ya wuce ta bara. Duk mutanen da ke zanen fuskarsu hannun dama take kallo. Ba ɗaya da ya juya yamma.

Ran nan da aka tashi ba ta yi saurin tafiya bakin mota ba. Ta tsaya a ƙofar rumfa, rana ta take tsaka, ko inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Yara suka kwasa a guje cikin filin, ana ture-ture ana ihu. Da suka kai tsakiya sai suka rabu biyu, kamar ruwa ya tarar da dutse, suka zagaye wani wuri mai faɗin ɗaki biyu, suka sake haɗewa a gaba. Ihun ma ya ragu a daidai wurin, sa'an nan ya dawo. Ba wanda ya ce da wani kauce. Ta duba ƙasa sai ta ga sawun ƙafafu ya riga ya yi hanya biyu, tsakiyarsu sumul, ko sawun akuya babu. Ita kanta a nan take wucewa kullum, kuma da ta bi sawun takalminta da ido, sai ta ga ashe ita ma zagayewa take yi. 

Washegari ta riƙe wata yarinya bayan an tashi, Jannatu, 'yar wani Bahaushe mai dillancin shanu. Yarinya ce mai natsuwa wadda ba a taɓa kama ta da ƙarya ba. Lauratu ta ajiye Faransanci ta yi mata Hausa, abin da ba ta taɓa yi a makaranta ba.

"Jannatu, zo nan kusa, ba dukan ki zan yi ba. Mutanen nan da kika zana, su wane ne?"

"Baƙi ne, Madam."

"Kina ganin su kamar yadda kike gani na?"

Yarinyar ta murza bakin ɗankwalinta. "In na kalle su sosai ba na gani. Sai in ina wucewa, ta gefen ido."

"Suna yi muku wani abu?"

"A'a. Tambaya kawai suke yi."

"Tambayar me?"

"Hanya. Wai ina hanyar gabas. Mu kuma mukan ce ba mu sani ba, mu yara ne." Ta ɗago kai ta dube ta. "Amma mun gaya musu Madam ɗinmu ta san duk hanyoyin duniya. Sun ce to, za su jira."

Lauratu ta sallame ta. Ta daɗe a zaune kan teburinta. Ran nan ta bayan makaranta ta bi, ta yi doguwar tafiya cikin rana kafin ta kai bakin mota.

Da ta gaya wa Harun, wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce, "Laure, wannan ba aikin alli ba ne. Wanda ya mutu ya mutu, ba ya zama a gindin itace. In akwai wani abu a wurin, to mutanen ɓoye ne, kuma ba a amsa musu. Ki yi addu'arki ki wuce, ki nemi a canza miki makaranta." Ta ce ta ji. Ta kuwa yi niyyar bin maganarsa. Amma sati biyu tana koyarwa bayanta yana ga filin, tana jin kamar an zuba mata ido, irin kallon mai haƙuri da ya san za a zo kansa. Ta fara mantuwa a aji. Wata rana ta tsinci kanta ta rubuta gabas a allo sau uku.

Ran wata Lahadi ta tafi Sabangali wurin Goggo Batulu, yayar mahaifinta, wadda aka haifa a hanya kafin a iso garin nan. Tsohuwar ta makance, tana zaune a ƙofar ɗaki tana ɓare gyaɗa da lalube. Ta saurari labarin har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"Itacen tsamiya ne?" in ji ta.

"Ban sani ba, Goggo. Zanen yara ne."

"Da akwai wani zango a wajen nan, kan hanyar Bagirmi, ina jin innata tana faɗa. Ayari ya sauka, ciwon ciki ya shiga cikinsu. Madugun ne ya fara rasuwa, shi kaɗai kuma ya san hanya. Mutanen ƙauye suka ji tsoro suka daina kai musu abinci, daga baya suka cike rijiyar. Ko nan ne, ko ba nan ba ne, Allah masani. Zango nawa ne a ƙasar nan da ba wanda ya san su."

"Baban Habiba ya ce kada in amsa."

"Mijinki ya faɗi gaskiya, matacce ba ya tambaya. Amma ni abin da na tashi na tarar a gidanmu, ba a tambayar mai neman hanya ko shi wane ne. Mutum ne, aljan ne, in ya ce ina gabas, nuna masa ake yi. Me zai ci miki?"

Lauratu ta ce ai tana da taswira. Tsohuwar ta yi tsaki. Ta ce takardar Nasara hanyar mota ta sani, ba ta san inda ruwa yake ba, mai tafiya a ƙafa kuwa ruwa yake bi. Ta ce ta ɗauko alƙalami. Nan Goggo Batulu ta shiga jero hanyar da ubanta ya haddace bai taɓa bin ta ba, yadda ake jero karatu: daga wannan rijiya kwana biyu zuwa waccan, a bar dutse a hagu, kada a sha ruwan wuri kaza in ba damina ba. Wasu sunayen Lauratu ta san su, Masenya, Abeshe, Jinena, Fashir, har Sawakin a bakin teku. Da yawa kuwa ba ta taɓa jin su ba, kuma da ta koma gida ta duba taswirarta ba ta same su ba. Shafi huɗu ta cika.

Ta zaɓi ranar Asabar, bayan an tashi, da yara da malamai duk sun watse. Ta yi alwala da ruwan randar makaranta, ta karanta abin da ta iya na tsari, ta nufi filin. Iskar zafi tana kaɗawa, tana ɗaukar ledoji tana yar da su. Ta tsaya a bakin wurin da sawu ya rabu, ba ta shiga ba. Ta ji kunya ta kama ta, malama guda da takardar shaida, tsaye a rana za ta yi wa ƙasa magana. Ta duba hagu da dama, ba kowa. Sai ta yi sallama.

Ba a amsa ba. Amma iskar ta ɗauke ɗif, har ledar da ke birgima ta tsaya. Sai wani ƙamshi ya taso mata, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa irin ta bakin rijiya da safe, alhali wata shida ke nan ko ɗigo bai sauka ba. Ta ji sanyi a fuskarta da kafaɗunta kamar ta shiga inuwa. Ba ta ɗaga kai ba, don ba ta so ta ga ko akwai ganye a samanta ko babu.

Ta buɗe takardar, ta fara karantawa da Hausa, da muryar da take koyarwa da ita. Ta miƙa hannu ta nuna gabas. Ta faɗi kwanaki, ta faɗi rijiyoyi, ta faɗi inda ake barin dutse a hagu. Da ta kai Sawakin ta ce daga nan sai jirgin ruwa, hayin kuma Jidda ce. Sai ta ga ya kamata ta ƙara abin da Goggo ba ta faɗa ba. Ta ce hanyar ta canza, an yi iyakoki, wasu rijiyoyin wataƙila sun ƙafe, ita iyakar saninta ke nan, su yafe mata in ta yi kuskure. Ta ce Allah ya kai su lafiya.

 Ba ta ga komai ba, kuma har yau in ta ba da labarin takan ce ba ta ga komai ba. Abin da ta ji kawai shi ne wata 'yar ƙara a ƙasa-ƙasa, kamar ana ɗaure bakin ƙunshi, kamar ƙwarya ta bugi ƙwarya. Sa'an nan zafin rana ya faɗo mata a ka gaba ɗaya, iska ta dawo. Ta juya ta tafi ba ta waiwaya ba.

Kwana biyar ta yi a kwance da zazzaɓi. Harun bai ce mata ai na gaya miki ba. Ya dafa mata romon ƙashi da kansa, ya kai sadakar nama masallacin unguwa, bai sake tayar da maganar ba.

Da ta koma aiki ta tsaya a ƙofar rumfa da tsakar rana. Yaran suka kwasa cikin filin, suka bi ta tsakiya a guje, suna tayar da ƙura a inda da ba a takawa. Ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta. Sai dai da ta ƙara dubawa, ta ga har yanzu akwai wani ɗan wuri, bai fi faɗin tabarma ba, da suke kauce masa. Ta kira Jannatu.

"Sun tafi, Madam, tun ran Asabar. Saura ɗaya."

"Wace ce?"

"Wata mata. Ita ba ta tambayar komai. Da ma can ba ta tambaya."

"To me take yi?"

"Zaune take kawai. Ita yanzu yamma take kallo."

Lauratu ta koma wurin Goggo Batulu da wannan, tsohuwar ta ce ita nan saninta ya ƙare. Ko wani take jira da ya rage a baya, ko gida take son komawa, ba mai iya faɗa, kuma wanda bai tambaye ka ba, ba ka da abin ba shi. Lauratu ta sake zuwa wurin sau biyu ta yi sallama. Iska ba ta tsaya ba, ba ta ji ƙamshin komai ba.

A 2003 aka yanka filin fuloti-fuloti. Wanda ya sami wurin wani Alhaji Ya'akubu ne, mai kai shanu Najeriya. Ta same shi yana tsaye kan magina, ta gaishe shi, ta gaya masa akwai tsohuwar rijiya a ƙasan, ya yi hankali da harsashi. Sauran ba ta faɗa ba. Ya ce, "Malama, wa ya gaya miki? Ni na ga takardun wurin nan, babu rijiya." Ta ce yara ne. Ya yi murmushi ya yi mata godiya. Bayan kwana uku ƙasa ta rufta da wani magini har ƙugu, aka ciro shi ba abin da ya same shi. Suka tarar da bakin rijiya zagaye da ruɓaɓɓun itatuwa, da saiwoyi masu kaurin cinya. Alhajin ya sa aka cike da yashi mota huɗu, aka yi addu'a, aka ci gaba da gini. A shekarar aka mayar da Lauratu Digel, kusa da gida, ba tare da ta nema ba.

Ta ci gaba da koyarwa, ta haifi 'ya'ya biyu bayan Habiba, Goggo Batulu ta rasu. Gassi ta cika ta batse, har in mutum ya je ba zai gane inda filin yake ba. A 2017, wurin wani suna a Sabangali, aka zaunar da ita kusa da wata mata mai jiki, mai fara'a, Hajiya Hansatu. Hira ta kai su har ta gane uwargidan Alhaji Ya'akubu ce. Lauratu ta yi ta juya tambayar a bakinta, daga baya ta ce, "Hajiya, yaya gidan? Kuna jin daɗinsa?"

"Lafiya lau, Malama, gida mai albarka. Tun da muka tare ko ciwon kai ba mu cika yi ba." Ta gyara mayafinta, ta rage murya. "Sai dai wani abu na jikokina. Duk wanda ya fara tafiya, in an zuba masa abincin rana, sai ya ɗebi loma ya kai wani lungu can bayan madafa ya ajiye. Mun yi faɗa, mun yi duka, har mun gaji mun bari. In sun kai shekara goma su daina da kansu, ka tambaye su su ce ba su tuna ba."

"Abincin fa, ana ci?"

"Wa zai ci? Nan yake bushewa, da yamma in share. Kaji ma ba sa zuwa wurin."

Aka kawo musu shinkafa a faranti ɗaya. Hajiya Hansatu ta ce bisimilla, ta tura mata naman gabanta. Lauratu ta wanke hannu, suka ci.